Ɗan Entlebuch: autan karnukan makiyayan Suwizalan, kyau a ido, aiki a hannu

Akwai wasu karnuka masu kala uku da hotunansu ke yawan yawo a Facebook da TikTok, baya baƙi wuluk, ƙirji da ƙafafu fari tas kamar an saka musu safa, sai ɗan ja-ja a kumatu da saman ido. Yawanci in an nuno su zaka ga a bayansu tsauni ne kore shar ga shanu da ƙararrawa a wuya, sai kaga mutane a ƙasa suna ta kai wannan kare akwai kyau, wasu ma har da tambayar nawa ne kuɗinsa. To abun da mutane da yawa basu gane ba shine ba kare iri ɗaya suke gani ba, iri huɗu ne ƴan gida ɗaya, duk daga ƙasar Suwizalan, kuma da Jamusancin can ana kiransu Sennenhund. Senn shine makiyayin da ke hawa tsauni da shanu yana tatsar madara yana yin cuku, Hund kuma kare, kaga kenan sunan ma kansa ya gama bayani, karen makiyayi. Ni wanda nake so mu tsaya a kansa shine autansu, Entlebucher, wanda in zaka faɗa kusan Entilbuha ake cewa, amma don sauƙi zan dinga ce masa ɗan Entlebuch tunda sunan garinsu ne.

Bari dai mu fara raba su don kar a yi ta cakuɗa. Babban yaya shine Grosser Schweizer, ƙato ne, namijin tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 65 zuwa 72, gashinsa gajere, aikinsa na asali jan amalanke da gadin gona. Mai bi masa ɗan Bern, wato Berner, shi ne kaɗai mai dogon gashi a cikinsu kuma shi yafi suna a duniya, namijin santimita 64 zuwa 70. Sai ɗan Appenzell mai wutsiya a nannaɗe saman baya, 52 zuwa 56. Sannan auta, ɗan Entlebuch, namiji 44 zuwa 50, mace 42 zuwa 48, nauyi kuma tsakanin kilo 20 zuwa 30. Wato in ka tsaya kusa da shi da kyar ya kai gwiwarka. Manyan biyun ƴan jan kaya ne da gadi, ƙananan biyun su ne ainihin masu kora shanu, kuma wannan bambancin shi ne ƙashin bayan duk maganar da zan yi, domin kala ɗaya ce ta haɗa su amma hali ya raba.

Entlebuch ɗin wani kwari ne a jihar Luzern, tsakanin birnin Luzern da Bern, kogin Kleine Emme ya ratsa ta cikinsa kuma akwai wani ƙaramin kogi Entlen da ke zuba a ciki. Wuri ne na tuddai da fadamu da duwatsu, a gefensa akwai tsaunin Brienzer Rothorn mai kusan mita 2,350, kuma tun 2001 hukumar UNESCO ta saka yankin cikin wuraren da ake karewa saboda yanayin halittunsa. Mutanen wajen makiyaya ne tun kaka da kakanni, kuma ba kanwar lasa bane, daga nan ne boren manoman Suwizalan na 1653 ya tashi, to in ka ji an ce karensu yana da taurin kai kar ka yi mamaki, barewa bata gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tsarin kiwonsu mai sauƙin ganewa ne ga duk wanda ya san yanda Fulani ke tashi daga mashekari zuwa mashekari, sai dai su nasu sama da ƙasa ne ba kudu da arewa ba. Lokacin sanyi dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina shanu suna cikin ɗaki a ƙauye ana basu busasshiyar ciyawa, da zarar ƙanƙara ta narke wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni sai a kora su sama can kan tsauni inda sabuwar ciyawa ta fito, su yi kusan kwana ɗari a can ana tatsa ana cuku, a Satumba a sauko. A 2023 ma UNESCO ta saka wannan al'adar hawa tsauni da dabbobi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa.

Yanzu ka ɗan hango aikin. Saniyar can mai madara tana kaiwa kilo 600, wasu su wuce. Hanyar hawa siririya ce, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami, ga santsi in an yi ruwa, ga hazo da ke saukowa ba sallama, makiyayi ɗaya ko biyu da shanu masu yawa, kuma saniya in ta ga dama sai ta tsaya cak ta ce ba inda zata. Wa zai motsa ta? Kare mai kilo 25, wanda ta ninka shi nauyi fiye da sau ashirin. Ba zai yi da ƙarfi ba, sai da ƙarfin hali da surutu da zafin nama. Yana zuwa ta baya ya yi mata haushi a kunne, in bata motsa ba ya ɗan kama ta a agara ya saki, kafin ta kawo harbi ya riga ya goce, in ta ci gaba da gardama ya taho da gudu ya bangaje ta da ƙirji da kafaɗa. Da yamma kuma shi ake turawa ya zagayo gangare ya tattaro waɗanda suka watsu ya kawo su wajen tatsa, da dare ya kwana a bakin bukka yana gadi.

A nan akwai wani abu da ake yawan ruɗewa a kai. Karen kora daban, karen tsaron garke daban. Masu tsaron garke irin su Maremmano na Italiya da farin ƙaton nan na tsaunukan Pyrenees da ke tsakanin Faransa da Sifaniya, su tun suna kwikwiyo ake tashinsu cikin tumaki har su ɗauki kansu tumaki, basa kora komai, suna kwance ne suna jiran kyarkeci. Irinsu ake amfani da su yanzu a Suwizalan tunda kyarketai suka dawo ƙasar daga Italiya a tsakiyar shekarun 1990. Ɗan Entlebuch ba wannan bane aikinsa, shi yaron makiyayi ne, ido a kan ubangidansa ƙafa a bayan shanu. Kuma ya sha bamban da Border Collie na iyakar Ingila da Sikotlan wanda ke kora tumaki shiru yana laɓaɓawa yana zare musu ido. Tunkiya matsoraciya ce ido ya ishe ta, saniya kam sai da hayaniya.

To in ka riƙe wannan hoton a kai, sai kaga siffarsa duk ta zauna daram. Jikinsa ya fi tsawo a kwance fiye da tsayi a tsaye, ma'aunin da hukumar karnuka ta duniya FCI ta rubuta shine takwas bisa goma, wato in tsayinsa takwas ne to tsawon jikinsa goma. Ƙafafu gajeru-gajeru masu ƙarfi, ƙirji mai faɗi da zurfi, cinyoyin baya cike da tsoka, tafin ƙafa a dunƙule kamar na kyanwa don riƙe dutse. Kare mai wannan ƙirar nauyinsa yana kusa da ƙasa, baya saurin kifewa a gangare, yana iya juyawa nan take, kuma kofaton saniya in ta kai harbi yakan wuce ta saman kansa in ya ɗan duƙa. Ba siriri bane irin karnukan farauta da muka saba gani masu dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, waɗancan an yi su don gudu a fili, wannan an yi shi don kokawa a tudu. In ka ɗaga shi zaka sha mamaki, yafi yanda ido ke gani nauyi, dunƙulallen nama ne kawai.

Gashi kuwa ninki biyu ne. Na waje gajere ne, a manne da jiki, da ɗan kaushi da sheƙi, na ciki kuma mai laushi ne cunkus kamar auduga, shi ke riƙe ɗumi. Gajartar na wajen ma hikima ce, laka da ƙanƙara da ƙaya basa maƙalewa kamar yanda suke yi wa ɗan Bern, ya shiga taɓo ya fito ya bushe ya kakkaɓe shikenan. Amma kar gajartar ta yaudare ka, yana zubar da gashi, musamman lokacin canjin yanayi, kujeru da darduma duk sai sun shaida.

Maganar kala ita ce masu gasa suka fi ba muhimmanci, kuma gaskiya sun ƙaƙale abun har ya so ya yi yawa. Baƙi shine tushe. Farin ya fara daga tsakiyar kai ya sauko siriri ta tsakanin ido zuwa kan hanci, yana iya zagaye baki gaba ɗaya ko wani ɓangare, sannan daga haɓa ya gangaro wuya zuwa ƙirji ba tare da ya yanke ba, sai tafin ƙafafu huɗu, in wutsiyar doguwa ce ana son bakinta ma ya zama fari. Jan kuma, wanda ya kama daga ruwan ɗorawa-ɗorawa zuwa kalar tsatsa, yana kumatu, gefen baki, gefe biyu na ƙirji da ƙafafu, kuma ƙa'ida ita ce a ƙafa jan ya shiga tsakanin baƙi da fari, kar su haɗu kai tsaye. Sai ɗigo biyu a saman idanu, su ne ke sa fuskarsa ta zama kamar ta mai tambaya kullum, kuma saboda waɗannan ɗigon ne mutanen da can suke kiran irin waɗannan karnukan masu ido huɗu. Ana so komai ya zama daidai hagu da dama. Ni dai a ganina makiyayin shekara ɗari biyu da suka wuce ba ruwansa da ko farin ya karkace, tambayarsa ɗaya ce, yana kora ko baya kora, wannan tsantsenin kalar daga baya ya zo da mutanen birni da littafin rajista.

Kai madaidaici ne mai ɗan faɗi a sama, baki mai ƙarfi, hanci baƙi, idanu ƙanana masu ruwan ƙasa, kunnuwa masu kusurwa uku a rataye sun kwanta a gefen kai, in ya ji motsi sai ya ɗan ɗaga gindinsu ya turo su gaba. Sau da yawa baki a buɗe harshe a waje kamar yana murmushi, shi yasa ake masa laƙabi da kare mai dariya. Wutsiya ita ce ke da labari. Wasu ana haifarsu da doguwa, wasu da ɗan dungu tun daga ciki, kuma da can dungun ne alamar da ake gane shi da ita har waɗanda suka zo da doguwa ake yanke musu. Yanzu doka ta hana yanke wutsiya da kunnen kare a Suwizalan da ƙasashen Turai da yawa, don haka duka biyun ana karɓa, kuma yawancin waɗanda zaka gani a can yau da doguwar wutsiyarsu suke.

Tarihinsa a rubuce ba wani mai nisa bane. Akwai labarin da ake yawan maimaitawa wai sojojin Rumawa ne suka tsallako tsaunukan Alps da kakanninsu, labari ne mai daɗin ji amma ba hujja a kansa. Abun da ke a takarda shine an fara siffanta shi da sunan karen Entlebuch a 1889, kuma ko a lokacin ba a wani raba shi da ɗan Appenzell, karen manoma ne kawai, kowane kwari da irin nasa. Wanda ya tsaya ya rarrabe su wani malamin jami'a ne a Zurich, Farfesa Albert Heim, an haife shi 1849 ya rasu 1937, kuma abun dariya shi ba likitan dabbobi bane, masanin duwatsu ne, yawon binciken tsaunuka da son karnuka suka haɗu a mutum ɗaya. Matarsa ma Marie Heim-Vögtlin ita ce mace ta farko ƴar Suwizalan da ta zama likita, gida dai na ƴan boko. A 1908 a wajen baje kolin karnuka na garin Langenthal shi ya kalli wani ƙaton kare mai gajeren gashi ya ce wannan ai iri ne mai zaman kansa, daga nan aka samu Grosser Schweizer. A 1913 kuma a wannan garin dai aka gabatar masa da wasu ƙananan karnuka huɗu masu dungun wutsiya, aka shigar da su littafin rajistar karnukan ƙasar a matsayin iri na huɗu.

Sai yaƙin duniya na farko ya zo komai ya tsaya, ga kuma karnukan waje irin su karen Jamus da ƴan sanda ke amfani da shi sun shigo suna ta gauraya da na gida, saura ƙiris irin ya ɓace. Ranar 28 ga Agusta 1926 aka kafa ƙungiyar masu kiwonsa bisa ƙoƙarin wani Dakta B. Kobler, a 1927 aka rubuta ma'auninsa na farko, kuma karnuka 16 kacal aka iya tattarowa a lokacin. A Amurka kuwa sai a 2011 ƙungiyar karnukansu AKC ta karɓe shi cikakke, kuma ta saka shi cikin rukunin masu kora dabbobi alhali ɗan Bern da babban yayan suna rukunin masu aikin ƙarfi, kaga su ma sun gane bambancin da nake faɗa.

Wannan adadin na 16 ka riƙe shi, don shine tushen matsalar lafiyarsu. Iri da aka farfaɗo da shi daga ƴan tsiraru dole auren zumunci ya yi yawa, kuma duk ciwon da ke ɓoye a jinin kakanni sai ya yi ta fitowa a jikoki. Akwai gocewar ƙashin ƙugu, inda kan ƙashin cinya baya zama daidai cikin gurbinsa, kare ya fara ɗingishi da wuri. Akwai ciwon ido na gado da ke cinye bangon ido na ciki a hankali, yana farawa da dundumi, kare ya dinga tuntuɓe da magariba, ƙarshe ya makance, ga kuma yanar ido. Akwai wani da suka yi suna da shi sosai, jijiyar da ke ɗauko fitsari daga ƙoda ta sauka a inda bai dace ba maimakon daidai cikin mafitsara, sai kwikwiyo ya dinga ɗigar fitsari, wani har ƙoda ta taɓu. Shi yasa masu kiwon kirki a can sai an yi hoton ƙashi da gwajin ido da na jini kafin a haɗa namiji da mace. Duk da haka yana rayuwa shekara 11 zuwa 13, ya ɗara ɗan Bern nesa ba kusa ba, wanda ciwon daji ke kashewa da yawansu suna shekara bakwai takwas, abun tausayi wallahi ga kare mai sanyin hali irin wannan.

Mu zo kan hali. Ma'aunin FCI ya siffanta shi da mai kuzari, mai yarda da kansa, mara tsoro, mai biyayya da ƙauna ga mutanen da ya sani, mai ɗan ɗari-ɗari da baƙo, sannan suka ƙara wata magana da ta bani dariya, wai a gadi baya karɓar cin hanci. Wato ba irin karen da ɓarawo zai jefa wa tsoka ya kaɗa wutsiya bane. Duka gaskiya ne, amma kalmomin takarda ne masu laushi, in ka fassara su zuwa zaman gida sai kaga kowace ɗaya tana da wutsiya.

Ƙaunar tasa irin ta ɗanko ce. Kare ne da aka gina shi ya yi wata uku a kan tsauni shi da mutum ɗaya ko biyu, yana karanta hannu da fito da yanayin fuska, don haka a gida ma yakan zaɓi mutum ɗaya ya zama nasa, ka tashi ya tashi, ka shiga kicin yana ƙafarka, ka rufe ƙofa ya kwanta a bakinta. Sauran ƴan gida yana sonsu amma akwai oga. In aka bar shi shi kaɗai tun safe har dare abun yana taɓa shi sosai, haushi, tona rami, tauna takalma da ƙafar kujera, ba mugunta bace, kewa ce da rashin aikin yi. Ɗari-ɗari da baƙo kuwa ba cizo ake nufi ba, zai tsaya nesa ya yi haushi ya duba fuskarka ya ga ko ka yarda da mutumin, in ka yarda ya sassauta amma ba zai je yana lasar hannunsa ba. Sai dai in ba a fita da shi tun yana kwikwiyo ya ga mutane kala-kala da motoci da yara da wasu karnuka ba, wannan ɗari-ɗarin yana iya rikiɗewa ya zama tsoro ko faɗa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a kare watannin farko uku zuwa huɗu su ne ɗanyen.

Inda aka fi samun rikici shine wajen yara. Shi a idonsa duk abun da ke gudu barkatai garke ne da ya watse. Yara suna wasan guje-guje a tsakar gida, sai kaga ya zagaya su yana haushi, ya tare wannan, ya ɗan kama dunduniyar wancan, ya bangaji na ukun ya faɗi. Uwa ta fito ta ce kare ya ciji ɗanta, shi kuma a nasa lissafin aiki ya yi har yana jiran yabo. Haka yake wa keke, haka yake wa mai gudun motsa jiki, wani har mota. Kuma bangazar nan ba wasa bace, jikin da aka yi don ture saniya in ya daki yaro ɗan shekara uku ai sai ƙasa, babba ma in ya same shi a bayan gwiwa sai ya durƙusa. Ana iya koya masa ya bari, a juya sha'awar zuwa ƙwallo ko wani wasa, amma cire ta gaba ɗaya ba zai yiwu ba, ita aka shekara ɗaruruwa ana zaɓa.

Haushi ma haka. Muryarsa ta fi jikinsa girma, don an so a ji ta daga wancan gangaren, kuma baya rowarta. A kan tsauni ni'ima ce, a gidan haya mai maƙota ta ko'ina fitina ce.

Kaifin basira kuwa akwai shi, yana ɗaukar abu da sauri, shi yasa yanzu ake ganinsu a wasannin tsalle-tsallen karnuka da bin sawu da aikin ceto. Amma basirar mai yanke hukunci da kansa ce, don a can bayan tudu inda makiyayi baya ganinsa ba wanda zai ce masa bi ta hagu. To irin wannan in ya ga kai mai gidan yau ka hana gobe ka bari, sai ya ɗauka kujerar shugabanci ba kowa a kai ya hau abunsa. Duka kuma baya gyara shi, sai dai ya ɓata amanar da ke tsakaninku, abun da ke aiki shine doka ɗaya kullum, lada in ya yi daidai, da gajiyar da shi. Awa ɗaya zuwa biyu a rana na gudu da wasa mai sa tunani, ba zagaye ɗaya a layi ba. A Suwizalan ma doka ce a fita da kare waje kullum, wanda ake ɗaurewa kuma dole a sake shi aƙalla awa 5 a yini, sauran lokacin ya samu filin da bai gaza murabba'in mita 20 ba, ga rajista da ƴar na'urar shaida da ake sakawa ƙarƙashin fata, ga harajin kare duk shekara.

Kuskuren da aka fi yi shine mutum ya ga ɗan Bern, wancan ƙaton mai laushin hali da yara ke hawa kansa yana kwance, sai ya ce ina son irinsa amma ƙarami wanda ba zai cinye ni da abinci ba, sai a nuna masa ɗan Entlebuch, kala ɗaya fuska kusan ɗaya. Wannan kamar ka je neman jaki ne na ɗaukar kaya ka dawo da ɗan dokin sukuwa don kalarsu ta zo ɗaya. Ɗan Bern an yi shi ya ja amalanken tulunan madara a hankali zuwa gidan cuku ya dawo ya kwanta, wannan kuwa an yi shi ya wuni yana hawa da sauka.

Masu tambayar nawa ne kuma, ajiye karen kiwo dai ba baƙon abu bane a wajenmu, hadisi ma ya ware karen kiwo da na noma da na farauta, don haka ba nan matsalar take ba. Matsalar rana ce. Kare baya gumi ta fata kamar mutum, ta haki yake fitar da zafi, ga baƙin gashi mai zuƙar rana ga ninkin ciki da aka yi don ƙanƙara, ka kawo shi Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, kuma kare ne da ba zai yarda ya kwanta ba, zai yi ta gudu har ya faɗi. Ga kaska da cututtukan da take ɗauke da su. Aske shi ma ba mafita bace, gashin yana kare fata daga ƙunar rana. Karnukan da ke bin shanun Fulani da dogon karen Azawak na Buzaye siraransu da gajeren gashinsu ba banza ba, ƙasar ce ta tace su kamar yanda Entlebuch ta tace nata.

Can gida kuwa aikin nasa ya ragu, wayar lantarki ta kewaye makiyaya, motoci suna kai shanu wani wajen, da yawansu sun koma karnukan iyali a gari, kuma har yau ba iri bane mai yawa ko a Suwizalan ɗin. Amma a ƙarshen Satumba in shanu zasu sauko ana yin biki a Schüpfheim, babban garin kwarin, iyalan makiyaya su sako kayan gargajiya, a ɗaura wa shanu furanni a ka da manyan ƙararrawa a wuya, su ratso tsakiyar gari mutane dubbai a gefen titi ana sayar da cukun da aka yi a sama. Irin bidiyon da ke zuwa mana kenan a waya. In ka ci karo da shi wani lokaci ka ɗan cire ido daga kan furannin ka duba ƙasa wajen ƙafafun shanun baya, in akwai wani ɗan gajeren baƙi mai farin ƙirji zaka ga shi kaɗai ne bai san ana biki ba, yana kai da komo daga wannan gefen titi zuwa wancan yana lissafin wace saniya ce ke shirin fita daga layi.